Rage Tuwo da Shinkafa, Tumbi da Kumburin Ɓoye: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk wanda ya yi niyyar rage ƙiba ya taɓa jin an ce masa ya bar tuwo, ya bar shinkafa, ya bar burodi. A 'yan shekarun nan an ƙara wa zancen wani reshe, wai barin waɗannan yana kashe "kumburin cikin jiki". Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙarin gishiri mai yawa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane, da abin da bincike ya nuna a kansu.

Me ake nufi da rage sitaci? Tuwo kaɗai ake magana?

A'a. Abin da masana ke kira kabohaidiret ya haɗa sitaci da sukari. Sitaci shi ne abin da ya cika hatsi da saiwa: masara, dawa, gero, shinkafa, alkama, acha, rogo, doya, dankali. Sukari kuwa ya haɗa na shayi, na lemon kwalba, zuma, mazarƙwaila, rake da dabino. Da zarar sun shiga ciki, mafi yawansu kan narke su koma gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini.

A ƙa'idar da yawancin masu bincike ke bi, wanda ke cin ƙasa da giram 130 na waɗannan a rana ya shiga sahun masu ragewa. Wanda ya sauko zuwa giram 20 zuwa 50 ya shiga tsarin da ake kira keto. Don a gane girman abin, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45. Ke nan mai bin keto da ya ci kofi guda ya cinye rabonsa na yini, ko malmala ɗaya bai taɓa ba.

Sabuwar dabara ce?

Ta tsufa. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi kan yadda ya rabu da teɓa bayan ya bar burodi, sukari, dankalin Turawa da giya. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara keto don masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani ya kasa tsayar wa ciwon. Robert Atkins ne ya sake tayar da zancen a 1972, wannan karon don rage ƙiba.

Ana ta cewa kumburi, ni kuwa ban ga inda na kumbura ba.

Kumburi iri biyu ne. Na farko kowa ya san shi: ƙaya ta soke ka, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi, bayan kwana uku ya sace. Sojojin jiki ne suka taru suka yi aikinsu suka watse. Wutar kara ce, ta tashi ta mutu, kuma ba don ita ba da ƙaramin miki ya kashe mutum.

Na biyu wutar ƙaiƙayi ce. Ba harshe, ba hayaƙin kirki, sai cin ƙasa-ƙasa shekara da shekaru. Garkuwar jiki tana zaune cikin shirin yaƙi alhali babu abokin gaba, tana ta zuba wasu sinadarai a jini kaɗan-kaɗan. Mutum ba ya jin zafi, ba ya ganin komai a madubi. Amma wannan yanayi yana da hannu a ciwon suga nau'i na biyu, toshewar jijiyoyin zuciya, shanyewar ɓarin jiki da taruwar kitse a hanta.

To me ya haɗa kitse da garkuwar jiki?

An daɗe ana ɗaukar kitse a matsayin rumbu kawai, wurin da jiki ke ajiye rarar abinci. A 1993 Gökhan Hotamisligil, ɗan asalin Turkiyya, da Bruce Spiegelman suka nuna a Jami'ar Harvard ta Amurka cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadarin kumburi mai suna TNF-alfa, kuma da aka toshe shi sai jikinsu ya ƙara jin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin ƙwayoyin jiki. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano leptin, saƙon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa game da yawan ajiyar da ke jiki. Daga nan aka daina kallon kitse a matsayin kayan ajiya, aka fara kallonsa a matsayin gaɓa mai magana da sauran gaɓoɓi.

Ga yadda abin ke tafiya. Ƙwayar kitse tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Idan aka yi ta ɗura mata sai ta buɗe fiye da kima, jinin da ke kai mata iska ya gaza, wasu ƙwayoyin su galabaita su mutu. Sai masu sharar jiki, wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makurofaj, su zo su kewaye gawar don su kwashe. A 2003 aka nuna cewa a kitsen mai matsakaicin jiki waɗannan masu shara ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin wurin ba, amma a na mai ƙiba sosai suna iya kaiwa kusan kashi 40. Kuma ba shara kaɗai suke yi ba, suna fitar da TNF-alfa da wani mai suna IL-6. Shi IL-6 idan ya isa hanta, sai ta ƙera wani furotin da ake kira CRP, wanda shi ne ake aunawa a jini don a gane yawan kumburi.

Waɗannan sinadarai suna toshe wa ƙwayoyin jiki kunne, su daina amsa kiran insulin. Sai jiki ya ƙara yawan insulin don a ji shi, shi kuma insulin mai yawa yana hana kitse fita daga rumbu. Ƙiba ta kawo kumburi, kumburi ya kawo taurin kunne ga insulin, wannan kuma ya ƙara ɗaure ƙibar.

Duk ƙiba ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce. Kitsen cinya da mazaunai yana ƙarƙashin fata, kuma ya fi zama lafiya. Mai fitina shi ne wanda ya naɗe hanji da hanta, wanda ke turo tumbi gaba ya yi tauri kamar ganga. Jinin da ya ratsa wannan kitse kai tsaye yake zuwa hanta, da duk abin da ya kwaso.

Shi ya sa tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ƙiba da ma'aunin BMI, wato a raba nauyi da tsawo sau biyu: mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 87 ya kai 30, ya shiga sahun masu ƙiba, waɗanda a 2022 suka kai mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya. Amma akwai siriri mai tumbi wanda wannan lissafi zai wanke, alhali hantarsa cike take da kitse. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna kewayen ciki wajen cibiya, kada ya wuce rabin tsawon mutum. Mai santimita 170, kada cikinsa ya haura 85. A wurinmu da ake yi wa tumbi kirarin "naira ta zauna", wannan magana ba ta da daɗin ji, na sani.

Ke nan sitaci ne ke jawo duk wannan?

Nan masana suka rabu. Ɓangare guda, irin su David Ludwig na Harvard, suna cewa sitacin da aka tace da sukari suna ɗaga insulin, shi kuma ya tura abinci cikin rumbun kitse, mutum ya sake jin yunwa da wuri. Ɗaya ɓangaren suna cewa abin dubawa shi ne jimillar abin da aka ci, ko daga ina ya fito. Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya kwantar da mutum 20 na wata guda, mako biyu a kan keto, mako biyu a kan abincin tsiro mai yawan sitaci da ƙarancin mai, kowa ya ci iya son ransa. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna cewa a makonnin sitaci insulin ɗinsu ya fi hawa, amma duk da haka sun ci kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 700 ƙasa da na makonnin keto a kowace rana.

Sai kuma mutanen Tsimane na dajin Bolibiya. Kusan kashi 72 cikin 100 na abincinsu sitaci ne: rogo, agada, shinkafa, masara. Da aka duba zukatan ɗaruruwan manyansu, rahoton 2017 ya nuna jijiyoyinsu sun fi na duk wata al'umma da aka taɓa aunawa tsabta. Suna wuni a ƙafa, babu lemon kwalba a abincinsu, babu fulawa.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Kakanninmu tuwon dawa suka ci da dare, suka ɗumama da safe, suka sha fura da rana, kuma tumbi sai a gidan sarauta ko na attajiri. Amma da garma a kafaɗa suka ci shi, hatsin kuma bai sha surfe da tacewa irin na yau ba. Wanda ke zaune a shago ko ofis daga safe zuwa magariba, ya karya da shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi, ya ci farar shinkafa da lemo da rana, ya kwana da taliya, ba abincin kakansa yake ci ba ko da sunan ya yi kama.

An gwada a kan mutane an ga kumburin ya ragu?

An gwada. A garin Dimona na Isra'ila an raba ma'aikata 322 gida uku aka bi su shekara biyu, sakamakon ya fito a 2008. Masu rage mai sun sauke kilo 2.9, masu cin abinci irin na mutanen bakin Bahar Rum (ganye, wake, kifi, man zaitun) kilo 4.4, masu rage sitaci kilo 4.7. CRP ya faɗi da kusan kashi 29 cikin 100 a wurin masu rage sitaci, kashi 21 a wurin 'yan Bahar Rum, a wurin masu rage mai kuwa saukar ba ta taka kara ta karya ba. A wani rahoto na 2008 ɗin dai, ayarin Jeff Volek a Amurka ya gwada mutum 40 na mako 12, aka ga alamomin kumburi da dama sun fi sauka a wurin masu tsananta rage sitaci.

Mai tallar keto a nan yake tsayawa. Amma akwai babban gwajin Jami'ar Stanford na 2018, wanda Christopher Gardner ya jagoranta, mutum 609, shekara guda. Masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage mai kilo 5.3, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Abin lura shi ne an umarci duka ɓangarorin biyu su bar sukari da fulawar da aka tace, su yawaita ganye, su riƙa dafa abinci a gida. A cikin kowane ɓangare kuma an samu wanda ya sauke fiye da kilo 20, an samu wanda ya ƙara nauyi.

Wani nazari na 2007 da ya tattara gwaje-gwaje sama da 30 ya gano cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, CRP kan ragu da kusan miligiram 0.13 a lita, ko ta abinci aka sauke, ko ta motsa jiki, ko ta tiyata. A fahimtata, kaso mafi girma na saukar kumburi daga narkewar kitsen ciki yake zuwa. Rage sitaci hanya ce mai kyau zuwa can, musamman ga wanda sukarin jininsa ya fara hawa, kuma a watanni shida na farko takan ɗan fi sauri. Bayan shekara guda hanyoyin kan haɗu, sai ya rage wa ya iya jurewa.

Na bar shinkafa mako ɗaya na sauke kilo uku. Kitse ne ya narke?

Yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye kusan rabin kilo na sukari a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Idan ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari, tare da gishiri. Shi ne dalilin ciwon kai, jiri da kasalar kwanakin farko. Ranar da aka koma wa shinkafa ruwan zai dawo.

An ce kiton da jiki ke yi yana kashe kumburi da kansa.

Idan sitaci ya yi ƙaranci sosai, hanta tana juya kitse zuwa wani makamashi da ake kira kiton. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yale sun nuna cewa ɗaya daga cikin waɗannan kiton yana danne wani makunnin kumburi da ke cikin ƙwayoyin garkuwa, mai suna NLRP3. Bincike ne mai kyau, amma a ɓeraye da ƙwayoyin da ke cikin kwanon gwaji aka yi shi. Daga kwano zuwa jikin magidanci mai shekara hamsin akwai tafiya, kuma bai isa dalilin sayen garin kiton mai tsada da ake talla a intanet ba.

Idan na rage tuwo me zan ci? Tsire da balangu kullum?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Wani nazari da ya bi Amurkawa sama da 15,000 na tsawon shekara 25, aka buga a 2018, ya ga cewa waɗanda kusan rabin abincinsu sitaci ne sun fi tsawon rai, masu ƙasa sosai da masu sama sosai kuma sun fi mutuwa da wuri. Da aka duba abin da masu ragewa suka sa a madadin sitacin, sai aka ga masu cike gurbin da jan nama da kitsen dabba haɗarinsu ya ƙaru, masu cikewa da abincin tsiro nasu ya ragu. Irin wannan nazari ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya jawo wancan, amma ya dace da abin da aka sani: man shanu, kitsen nama da manja mai yawa suna ɗaga kolestarol mai toshe jijiya a jikin mutane da yawa. Wanda ya bar tuwo ya koma soyayyen nama sau uku a rana, an gudu ba a tsira ba.

Kuma wa ke da kuɗin tsire kullum? Girkinmu yana da abin da ake bukata tun asali. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli cikakken abinci ne mai ƙarancin sitaci. Haka awara, dafaffen ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi, agushi, kindirmo marar sukari, gauta, kokwamba, kabeji, alayyahu. Miyan kuka, kuɓewa, karkashi da taushe duk ba su da laifi. Gyaran da na fi gani da amfani shi ne a juya lissafin kwano: maimakon malmala uku da ɗan miya a gefe, a yi malmala ɗaya da miya mai kauri da ganye da yawa.

Akwai kuma batun faiba, ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, irin dusar hatsi, ɓawon wake da zaren ganye. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji shi suke ci, su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji da kwantar da garkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana. Mai keto da ya yi watsi da ganye yana kashe su da yunwa, bushewar ciki kuma ita ce sallamar farko.

Wake fa? Acha da alkama da ake ba masu ciwon suga?

Wake yana da sitaci, amma tare da furotin da faiba mai yawa, shi ya sa yake narkewa a hankali ya daɗe a ciki. A tsarin keto mai tsauri an hana shi, kuma a ganina wannan asara ce ga talaka. Alale ya fi ƙosai, don bai sha mai ba.

Acha da alkama hatsi ne kamar sauran. Mutane da yawa suna cika kwano da tuwon alkama suna ganin magani suke sha. Alkamar da aka niƙa ta yi laushi tana ɗaga sukari kusan kamar sauran tuwo. Girman malmalar ya fi sunan hatsin tasiri. Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne. Fura da nono ba laifi idan ba a zuba mata sukari ba kuma ba a sha kwano biyu ba.

Abin da ya kamata ya fara fita shi ne abin sha. Robar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da kusan giram 50 na sukari, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini guda. Zoɓo da kunun aya na sayarwa sau da yawa ba su fi shi sauƙi ba. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga wanda naira biyar a roba ta hana sha ba.

Akwai wanda bai kamata ya gwada ba?

Akwai. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan magani irin su glibenclamide, idan ya yanke sitaci bai rage magani ba, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kuwa keto zai iya jefa su cikin wani hali mai kisa inda jini ke yin tsami, ko da na'ura na nuna sukari daidai. Mai shan maganin hawan jini ma awonsa na iya sauka fiye da kima. Duk waɗannan sai da likita a kusa.

Mai ciki, mai shayarwa, yaro mai tasowa, mai ciwon ƙoda da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, su bar tsarin mai tsauri. Mai sikila ya kiyayi duk abin da ke zuƙe ruwan jiki. Barin lemo da rage sukarin shayi kuwa ba ya bukatar izinin kowa.

Ni ƙiba nake so. Ƙawata ta ba ni "sha ka fashe", an ce ma maganin kumburi ne.

Gaskiya ne, da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyi dexamethasone ne ko danginsa, kuma likitoci suna danne kumburi da su. Amma 'yar'uwa, ƙibar da yake kawowa ita ce mafi muni: fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu da hannaye su sirance. Yana ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya kwance wa jiki garkuwa. Idan kin daɗe kina sha kada ki yanke rana ɗaya, don jiki ya daina yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ke. A asibiti ake sauke shi mataki-mataki.

In je in yi gwajin CRP?

Idan likita ya ga dalili. A gwaji mai zurfi da ake yi don zuciya, ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. Matsalar ita ce CRP ba ya faɗin daga ina wutar take. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙori, mura ko miki duk suna ɗaga shi, wani lokaci ninki goma ko fiye. Mutanen Tsimane da aka ambata, kusan rabinsu CRP ɗinsu ya haura 3 saboda tsutsar ciki da cututtukan daji, zukatansu kuma lafiya lau. Wanda ya auna a tsakiyar damina bayan ya tashi daga zazzaɓi, kuɗinsa ya tafi a banza. Ga yawancin mutane tef, awon sukari da awon hawan jini sun fi arha kuma sun fi amfani.

Azumi yana yin irin wannan aiki?

Bayan sa'o'i goma sha biyu zuwa sha huɗu ba ci, insulin ya sauka, ajiyar sukarin hanta ta yi ƙasa, jiki ya fara taɓa kitse. Ke nan mai azumi yana leƙa ƙofar wannan yanayi kowace la'asar. Nazarce-nazarcen da aka yi kan masu azumin Ramadan sun nuna yawanci ana sauke kilo ɗaya zuwa biyu, kuma nauyin kan dawo cikin makonni bayan salla. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama gaban faifan buɗa-baki: kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali da doya, lemo mai sanyi, sannan tuwo bayan asham. Wanda ya sha ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, ya bi da kwaɗo ko farfesu, ya yi sahur da wake ko ƙwai da kindirmo, zai ga bambanci a tef kafin ashirin ga wata. Mai ciwon suga da ke shan magani kuma ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, a gyara masa lokacin sha da yawan ƙwayar.